Yadda Ake Daidaita Tsawon Harsashi da Siffar Kansa Domin Bindiga Mai Liba

A ƙasar Amurka, mafarauta da masu wasan harbi da dama ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba. Suna tara shi, su wanke, su mayar da shi girmansa na asali, su sa masa sabon makunni (ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi idan aka buge shi) da albarushi da sabon kai (dalmar da ke fita idan an harba), ya koma cikakken harsashi. Dokar tarayyar ƙasar ta yarda mutum ya yi wannan aiki domin amfanin kansa, kuma kamfanoni irin su Lyman da RCBS da Lee da Hornady suna sayar da kayan aikin a fili. A Nijeriya abin ba haka yake ba, domin dokar makamai ta shekarar 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gidansa, saboda haka bayanin da zai biyo baya ya shafi yadda ake gudanar da aikin ne a inda doka ta amince da shi.

Bindiga mai liba ita ce wadda ake tura wani ƙarfe mai zobe da ke ƙarƙashin kunama zuwa ƙasa, a dawo da shi sama, sai ta tofar da tsohon kwanso ta ɗora sabon harsashi. Mafi shahara a cikinsu ita ce Winchester 1894, wadda John Browning ya tsara, kuma aka fara yi mata harsashin .30-30 a shekarar 1895. Sai Marlin 336 da ta fito a 1948, da Marlin 1895 mai cin harsashin .45-70, da ƙananan irin su Winchester 1892 da Marlin 1894 masu cin harsashin ƙaramar bindiga kamar .357 Magnum da .44 Magnum. Dukansu suna da wani siririn bututu a ƙarƙashin bututun harbi, inda harsasai suke jeruwa ɗaya bayan ɗaya, kan na baya yana tokare da gindin na gaba, sifirin kuma yana turo su gaba ɗaya zuwa wajen sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututun harbi ya kulle bayansa. Wannan bututun ajiya, tare da maɗaukin da ke ɗaga harsashi daga bakinsa zuwa ɗakin harbi (gurbin da harsashi ke zama a gindin bututun harbi), su ne suke yanke hukunci a kan tsawo da siffa, kuma mai haɗawa ba shi da ta cewa sosai. Wanda ya saba da bindiga mai sakatar hannu, inda ake matso da kan harsashi gaba ko baya domin neman daidaiton harbi, sai ya ajiye wannan al'ada a gefe idan ya zo nan.

Mataki na farko shi ne a tabbatar da irin ma'ajiyar da bindigar take da ita, domin ba kowace mai liba ce ke da bututu ba. Savage 99 tana da ma'ajiya mai juyawa a cikin cikinta, Winchester 1895 tana da akwati a ƙarƙashi, haka nan Winchester 88 da Browning BLR suna da akwatin da ake cirewa. A cikin waɗannan, harsasai suna kwance ne a kan juna ko gefe da gefe, babu kan da ke taɓa makunnin wani, don haka ana iya sa musu kai mai tsini ba tare da fargaba ba, abin lura kawai shi ne kada tsawon ya wuce abin da akwatin zai ɗauka. Duk sauran bayanin nan na masu bututu ne.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowane nauyi, shi ne zaɓen siffar kai. Makunni yana zaune ne a tsakiyar gindin kwanso, kuma a nan daidai ne kan harsashin da ke bayansa yake tokarewa. Lokacin da aka harba, bindiga tana zabura baya da ƙarfi, jerin harsasan da ke cikin bututu su matse sifirin, sannan su dawo su bugi juna. Idan kan na baya mai tsini ne kuma mai tauri, zai iya yin aikin da allurar harbi mai dukan makunni take yi, ya tayar da harsashin gaba a cikin bututun da ba a yi shi domin ya jure wuta ba, alhali hannun hagu na mai harbi yana riƙe da wurin. Saboda wannan ne ake amfani da kai mai shafaffen baki. Faɗin babban makunni inci 0.210 ne, ƙarami kuma inci 0.175, kuma ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce shafaffen bakin ya kai ko ya wuce faɗin makunnin, ta yadda nauyin bugun zai sauka a kan tagullar da ke kewaye da shi. Ana iya ganin wannan da ido: a tsayar da kwanso mai makunnin da aka riga aka harba, gindinsa sama, a ɗora bakin kan a kansa, a duba ko yana shiga cikin ramin makunnin ko kuwa yana zaune a gefen kwanson.

Batun kai mai zagayayyen baki yana jawo gardama a tsakanin masu aikin. Kamfanoni sun daɗe suna sayar da harsashin .30-30 mai kai mai nauyin giren 150 ko 170 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), da na .35 Remington mai giren 200, da zagayayyen baki na dalma mai taushi, kuma ana ta farautar barewa da su shekara da shekaru. Dalilin da ya sa suke tafiya lafiya shi ne dalmar da ke bakin tana lotsewa kafin ta huda wani abu, kuma bugun bayan waɗannan bindigogi bai da tsanani. A ganina wannan rangwame ya tsaya ne a kan kawunan da kamfani ya ce an yi su domin bututu. Kai mai zagayayyen baki wanda aka lulluɓe shi gaba ɗaya da jan ƙarfe, irin na sojoji, ba shi da wuri a cikin bututu ko kaɗan, haka nan dalmar da aka ƙara mata tauri idan bakinta siriri ne. A .45-70 da .444 Marlin, inda bugun baya yake girgiza kafaɗa, shafaffen baki mai faɗi kaɗai ya kamata a amince da shi. Kai mai rami a baki kuma yana buƙatar a duba shi da kyau, domin idan leɓen ramin ya yi daidai da faɗin makunni, to leɓen ne zai riƙa dukansa.

Akwai hanya biyu ga wanda ya nace sai mai tsini. Ta farko ita ce kawunan FTX na kamfanin Hornady, waɗanda suka shigo kasuwa tare da harsasan LEVERevolution wajen shekarar 2006. Tsininsu na roba ne mai laushi, yana lotsewa idan ya tokari makunni, ya koma yadda yake idan matsi ya tafi. Hanya ta biyu ita ce a mayar da bindigar mai harbi biyu, wato harsashi ɗaya a ɗakin harbi, ɗaya tak a bututu, ta yadda babu wani makunni a gaban tsinin. Wannan dabara tana aiki, amma tana dogara ne kacokan a kan cewa mai bindiga ba zai taɓa mantawa ba, kuma babu wani da zai ɗauki harsasan ya cika bututu da su. Duk wanda ya haɗa irin waɗannan ya zuba su a akwati na dabam, ya rubuta gargaɗi a jikinsa da manyan haruffa.

Siffar kai tana da wani aiki kuma ban da tsaro, wato shigar harsashi ɗakin harbi ba tare da tuntuɓe ba. A Winchester 1892 da 1894 da kuma Marlin, maɗauki yana ɗaga harsashi a karkace, bakinsa sama, sai sakata ta tura shi ya miƙe yayin da yake shiga. Kai mai kafaɗa mai kaifi, irin wanda Elmer Keith ya tsara domin ƙaramar bindiga mai juyawa, yakan maƙale a leɓen ɗakin harbi, liba ta tsaya a rabin hanya, sai an girgiza ta. Wanda ya fi tafiya sumul shi ne mai gefe zagayayye da baki shafaffe, domin gefen yana zamewa a kan leɓen ƙarfen, bakin kuma yana kare makunni. Na biye da shi shi ne mai siffar mazurari da aka datse kansa.

Mataki na uku shi ne sanin iyakar tsawo. Ƙungiyar SAAMI, wadda kamfanonin makamai na Amurka suka kafa a 1926, ita ce ke tsayar da ma'aunin irin waɗannan harsasai a ƙasar, kuma a kan wannan ma'auni ake ƙera maɗaukin bindiga. Iyakar tsawon .30-30 daga gindi zuwa baki inci 2.550 ne, wato kusan milimita 64.8, haka ma .45-70 inci 2.550 ne. Na .444 Marlin inci 2.570, na .35 Remington 2.525, na .44 Magnum 1.610, na .45 Colt 1.600, na .357 Magnum kuma 1.590. Idan harsashi ya wuce iyaka, gindinsa zai zauna a kan maɗauki alhali bakinsa yana cikin bututun ajiya, sai maɗauki ya kasa tashi, liba ta ƙi rufuwa, kuma sau da yawa ba a warware wannan sai an kwance murfin bututu an zazzage harsasan ta gaba. Wasu bindigogin suna da ɗan sarari fiye da ma'auni. Winchester 1886, alal misali, an yi cikinta ne domin ta ɗauki dogayen harsasai irin .45-90, don haka .45-70 yana samun wuri a cikinta fiye da yadda yake samu a Marlin 1895, wadda ba ta da haƙuri da dogon harsashi.

Gajarta ma tana da nata matsala, kuma mutane sun fi mantawa da ita. Idan harsashi ya gaza tsawon da maɗauki yake tsammani, na biye da shi zai leƙo daga bututu ya hau kan maɗaukin, ya tokare shi. Winchester 1873 da kwafinta da ake ƙerawa a Italiya sun fi kowace nuna wannan hali, domin maɗaukinsu dunƙulen tagulla ne da ke tashi sama a miƙe, kuma tsawon harsashin da ke cikinsa ne kaɗai yake hana na biyu shigowa. Masu sa .38 Special a bindigar .357 Magnum su ne suka fi haɗuwa da wannan, tun da kwanson .38 bai wuce inci 1.155 ba, na .357 kuwa 1.290. Maganinsa shi ne a zaɓi kai mai ɗan tsawon baki, ko kuma a yi amfani da kwanson .357 ɗin kansa a zuba masa ma'aunin albarushi mai sauƙi da littafin haɗa harsashi ya bayar, wanda a ganina shi ne ya fi rashin wahala.

Yanzu sai lissafi, kuma a nan ne ake gane ko kan da aka zaɓa zai yi aiki tun kafin a saye shi da yawa. Kowane kai da aka yi domin bindiga mai liba yana da wani tsagi da ya zagaye jikinsa, inda ake lanƙwasa leɓen kwanso ya kama shi. Tun da dole leɓen ya faɗa cikin wannan tsagi, tsawon harsashi ba abin da mutum zai zaɓa ba ne, jimlar abu biyu ce: tsawon kwanso da tsawon bakin kai daga tsagi zuwa ƙarshe. Kwanson .45-70 ana datse shi zuwa inci 2.095, iyakar harsashi kuma 2.550, saboda haka bakin kai ba zai wuce inci 0.455 ba. A .30-30, inda ake datse kwanso zuwa wajen 2.030, sararin da ya rage kusan 0.520 ne. A .44 Magnum da kwanso 1.275, abin da ya rage 0.335 ne kawai, a .357 Magnum da kwanso 1.280 kuma 0.310. A ɗauki ma'aunin kalifa, wato na'urar auna tsawo da kauri daki-daki, a auna kai daga gefen sama na tsagi zuwa baki, a kwatanta da wannan lissafi. Kan Keith na .44, wanda Lyman ke yi wa mazubi mai lamba 429421, bakinsa ya wuce wannan sarari, shi ya sa idan aka matse shi a tsaginsa yakan yi wa Marlin 1894 tsawo, duk da cewa yana shiga ƙaramar bindiga mai juyawa lafiya lau.

Kawunan FTX suna da dogon baki saboda tsininsu, don haka a wasu harsasan Hornady ta ce a rage kwanso fiye da yadda aka saba. Ga .45-70 mai kai giren 325, ana datse kwanso zuwa inci 2.040 maimakon 2.095. A .44 Magnum da .357 Magnum ma ana rage shi, a .30-30 kuwa kwanson da aka saba ya wadatar. Abin da ke biyo bayan wannan shi ne, kwanson da aka rage cikinsa ya ƙanƙance, don haka ma'aunin albarushin da aka rubuta domin FTX kaɗai za a bi, kuma dole a ware waɗannan kwansuna daga sauran har abada. Wasu kayan matse leɓe ma ba sa kaiwa ga gajeren kwanso, sai an nemi wanda ya dace. A wasu tsofaffin bindigogi kuma, ƙarfen da ke kan sifirin a cikin bututu yana riƙe tsinin harsashi na ƙarshe ya hana shi fitowa daidai, sai an canza shi da wanda aka yi domin irin wannan kai.

Mataki na huɗu shi ne shirya kwanso. A mayar da shi girmansa tun daga wuya har gindi, ba wuya kaɗai ba, domin liba ba ta da ƙarfin cusa kwanson da ya kumbura. Bindigogin nan kuma sakatarsu daga baya take kullewa, tana ɗan ba da kai lokacin harbi, shi ya sa kwanso yake miƙewa fiye da yadda yake yi a wasu bindigogin. Bayan kowane harbi a auna tsawonsa, a datse duka su zama daidai, a goge leɓen ciki da waje. Daidaiton nan shi ne ginshiƙin matsewa mai kyau, domin idan wani kwanso ya fi wani tsawo da ɗan kaɗan, dogon zai matsu fiye da kima har kafaɗarsa ta lotse, gajeren kuma ba zai kama tsagin ba sam. A lanƙwasa bakin siririyar waya a zura ta cikin kwanson .30-30, a ja ta a jikin bango kusa da gindi. Idan ta ji wani kwari, to tagullar ta sirance a wurin, kwanson ya kusa rabuwa biyu, a jefar da shi. Makunni kuma a zaunar da shi har ya ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso, yadda idan aka shafa yatsa za a ji ɗan rami. Makunnin da ya ɗago waje haɗari ne a kowace bindiga, a cikin bututu kuwa haɗarin ya ninka.

Mataki na biyar shi ne yin harsasan gwaji, waɗanda ba su da makunni kuma ba su da albarushi. Guda ɗaya ba ya isa, domin yawancin matsalolin ba sa bayyana sai akwai wani harsashi yana turowa daga cikin bututu, saboda haka a yi aƙalla uku ko huɗu. A zaunar da kai a hankali, ana ɗan ƙara zurfi ana dubawa, har leɓen kwanso ya zo daidai da gefen sama na tsagi, ana ganin ɗan siririn layin tsagin kawai a sama da leɓen. A matse, a auna, a rubuta tsawon kowanne, a yi musu alama da ba za a rikita su da na gaske ba. Kafin a taɓa bindiga a tabbatar babu komai a ɗakin harbi da bututu, kuma a fitar da duk wani harsashi mai rai daga ɗakin da ake aiki.

A cusa su ta ƙofar gefe da ake cika bututun ajiya ta cikinta, a lura ko suna wucewa ba tare da bakin ya kama wani abu ba. Sannan a sarrafa liba da kuzari, a kai ta ƙarshe a dawo da ita, kamar yadda za a yi a daji. Bindiga mai liba ba ta son a lallaɓa ta, kuma wanda ya ja liba a sanyaye zai iya ɗora wa harsashi laifin da na hannunsa ne. Bayan wannan a sake zagaye ɗaya a hankali ana kallon ciki, a ga inda bakin kai yake fara taɓawa. Abubuwa uku ake nema. Na ɗaya, maɗauki ya tashi ba tare da tokarewa ba. Na biyu, liba ta rufu gaba ɗaya ba tare da an matsa mata ba. Na uku, wanda ake yawan tsallakewa, shi ne harsashin da ba a harba ba ya iya fitowa. A Marlin, inda kwanso yake fita ta tagar gefe, akwai tsawon da zai shiga ɗakin harbi lafiya amma ya ƙi fitowa ta tagar, sai mafarauci ya dawo sansani da yamma ya tarar ba shi da hanyar sauke bindigarsa sai dai ya harba ko ya kwance ta.

Idan liba ta yi tauri a daidai ƙarshen rufewa, galibi maƙogwaron bututun harbi ne. Yawancin bindigogi masu liba suna da gajeren maƙogwaro, wato murɗaɗɗun tsagogin cikin bututu suna farawa ne dab da bakin kwanso, kuma kai mai faɗin gaba yakan tokare su ko da tsawonsa bai wuce ma'auni ba. Domin a gano wannan, a shafe kan da baƙin alƙalamin maka, a sa shi, a rufe, a fitar a hankali. Idan an ga gajerun zane masu haske a zagaye da kan, tazararsu daidai da juna, to tsagogin ne suka cije shi. Ɗan taɓawa kaɗan a kan dalma wasu ba sa damuwa da shi, amma cizo mai zurfi yana ɗaga matsin wuta, kuma yana iya sa idan aka buɗe bindiga kan ya maƙale a bututu, kwanso ya fito shi kaɗai, albarushi ya zube a cikin bindigar. Gyaran da ya fi dacewa shi ne a canza kai zuwa mai siririn gaba. Ana iya rage kwanso kaɗan domin kan ya koma baya, sai dai hakan yana rage sararin albarushi, don haka sai an koma ma'auni mafi ƙanƙanta an faro daga can.

Mataki na shida shi ne matse leɓe, kuma ya kamata a fahimci abin da ake yaƙi da shi. A ƙaramar bindiga mai juyawa, bugun baya yana zaro kai waje ne. A bututu kuwa akasin haka ke faruwa, sifirin da bugun juna suna tura kai cikin kwanso. Kan da ya nutse yana matse albarushi a ƙaramin wuri, matsin wuta ya hau, musamman a harsasai masu miƙaƙƙen kwanso irin .357 da .44 da .45-70, sannan harsashin ya gajarce har ya iya tokare maɗauki. Abin da ke riƙe kai da farko shi ne ƙarfin kamun wuyan kwanso, don haka kada a buɗa wuyan fiye da abin da zai bar gindin kai ya fara shiga. Lanƙwasar leɓe ƙari ce a kan wannan kamu, ba ta gyara wuyan da ya yi sako-sako. Ya fi kyau a raba aikin biyu, a zaunar da dukan kawuna tukuna, sannan a dawo a matse, domin idan aka haɗa su a ja ɗaya, leɓen yakan fara kamawa alhali kan bai gama sauka ba, ya kankare dalma ko ya lotsa kwanso. Kwanson .30-30 da na .44-40 suna da siririn wuya, kaɗan aka ƙara matsi sai kafaɗa ta kumbura, harsashi ya ƙi shiga ɗakin harbi. Ga irin waɗannan, na'urar matse leɓe ta kamfanin Lee, wadda ke matsewa daga gefe maimakon daga sama, tana rage ɓarna ƙwarai. Bayan an matse, a dafa bakin harsashin gwaji a jikin tebur a danna da ƙarfin hannu, a sake aunawa. Sannan a zagaya da su cikin bindiga sau da yawa, a sake aunawa. Idan tsawon ya ragu, kamun bai isa ba.

Wanda ke amfani da kan dalma zalla ya lura da faɗi. Marlin ta yi shekaru da yawa, tun daga shekarun 1950, tana yin bututu mai ƙananan tsagogi masu yawa da ta kira Micro-Groove, kuma irin wannan bututu yana son kan dalma ya fi faɗin cikinsa da inci 0.001 ko 0.002 kafin ya kama da kyau. Sai dai kai mai kauri yana ƙara kumbura wuyan kwanso, saboda haka idan aka canza faɗi a sake gwajin shiga ɗakin harbi daga farko. Tsofaffin Marlin 1894 na .44 Magnum kuma murɗiyarsu a hankali take, zagaye ɗaya a inci 38, don haka kai mai tsawo da nauyi, wajen giren 300, ba lallai ya tafi a miƙe daga cikinsu ba ko da ya shiga lafiya.

Mataki na bakwai shi ne zuba albarushi, kuma a nan babu wurin hasashe. A nemi ma'aunin da kamfanin albarushi ko na kai ya buga domin wannan kai ɗin takamaimai, a wannan tsawon, a fara daga mafi ƙanƙanta. Kawuna biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta a yawan jikin da ke shiga cikin kwanso, kuma wannan bambanci yana canza matsi. A .45-70 littattafan suna raba ma'auni gida uku, na tsohuwar Springfield ta 1873, da na masu liba irin Marlin 1895, da na masu ƙarfi irin Ruger No. 1, kuma ɗaukar shafin da ba na bindigarka ba kuskure ne da ke fasa ƙarfe. Waɗannan harsasai suna aiki ne a matsin da bai kai na bindigogin zamani ba, don haka makunni ba ya nuna alamar wuce iyaka da wuri. Idan har kwanso ya fara maƙalewa, ko liba ta riƙa ɗan buɗewa da kanta lokacin harbi, a dakata nan take, domin an riga an yi nisa.

A filin harbi akwai gwaji na ƙarshe. A auna harsashi ɗaya a rubuta tsawonsa, a fara sa shi a bututu domin ya zama shi ne na can gaba wajen sifirin, a cika sauran a bayansa, a harbe su duka ban da shi. A fitar da shi a auna, a duba bakinsa ko ya lotse, a duba makunninsa ko akwai wani tabo. A sake mayar da shi a maimaita zagayen. Idan tsawonsa bai motsa ba kuma makunninsa fes yake, to haɗin ya zauna. Masu bindigar da ake cikawa ta gaban bututu, irin Henry ta 1860 da kwafinta, su karkata ta yayin cikawa domin harsasai su zame a hankali maimakon su faɗo a tsaye, kuma su sauke ƙarfen sifirin da hannu, kada su sake shi ya daki jerin.

Daga nan sai a ajiye ɗaya daga cikin harsasan gwajin nan marasa albarushi, a rubuta a jikinsa sunan kai da nauyinsa, domin da shi za a riƙa saita injin zaunar da kai a gaba ba tare da an sake lalube ba. A littafin ajiya kuma a rubuta tsawon kwanso, da tsawon harsashi, da irin makunni, da ma'aunin albarushi, da lambar bindigar da aka yi gwajin da ita, domin tsawon da wata Marlin ta karɓa ba lallai 'yar'uwarta mai suna iri ɗaya ta karɓe shi ba.